Bin Sawun Sukari a Ƙwayar Kansar Huhu: Yadda Ake Tabbatar da Cewa Gyaran Furotin Ne Ke Juya Akalarsa

Duk wanda ya taɓa renon ƙwayoyin kansar huhu a ɗakin gwaje-gwaje ya ga wannan abin da idonsa. Ranar Litinin ka zuba musu ruwan reno ja kamar zoɓon da aka sirka, ka mayar da kwalbar cikin inkubeta. Ranar Laraba ka ciro ta, ruwan ya koma kalar lemon zaƙi. Ka yi sakaci zuwa Alhamis, ya zama ruwan ɗorawa. Rinin da ake sa wa ruwan reno, fenol red, tsami ne ke sauya masa launi, tsamin kuwa laktik asid ne da ƙwayoyin suka amayar bayan sun shanye gulukos ɗin da ka ba su. Ga iskar oksijin wadace a cikin inkubetar, amma sun ƙi ƙona sukarin har ƙarshe.

Otto Warburg ne ya fara auna wannan hali a Balin ta ƙasar Jamus tun shekarun 1920, shi ya sa ake kiran abin da sunansa. Lissafin ne ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai. Gulukos ɗaya in aka tsaya da shi a laktet, ATP, wato makamashin da ƙwaya ke aiki da shi, biyu kacal yake bayarwa. In aka kai shi mitokondiriya, wato murhun ƙwaya, aka ƙone shi sarai, yana ba da wajen 30. To me zai sa ƙwayar da ke gaggawar rabuwa ta ɗauki hanyar asara? Dalilin shi ne tana buƙatar tubalin gini daga jikin sukarin, fiye da yadda take buƙatar wutar girki. Abin da ke juya akalar sukarin zuwa wajen ginin kuwa, sau da yawa, 'yan ƙananan sinadarai ne da ake liƙa wa inzayim, wato furotin mai gudanar da aikin sarrafa sukarin, bayan an gama ƙera shi. Su zan riƙa kira liƙi a wannan rubutu.

Na rubuta jagorar ne don ɗalibin bayokemistiri ko likitanci da ke son yin irin wannan bincike, ko ya karanta na wasu ya iya raba aya da tsakuwa. Cutar ta isa a ba ta lokaci: a ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022, mutum wajen miliyan 2.5 ne suka kamu da kansar huhu, wajen miliyan 1.8 suka rasu.

Mataki na farko: zana hanyar sukarin da hannunka

Kada ka taɓa kwalba sai ka iya zana hanyar nan a takarda ba tare da duba littafi ba. Matakai goma ne daga gulukos zuwa fairubet, amma ƙofofin da ake gadi ba su da yawa. GLUT1 ke shigo da gulukos ta fatar ƙwaya. HK2 ya liƙa masa fosfet ya hana shi komawa waje. PFK1 shi ne babbar ƙofa, abin da ya wuce shi ya shiga ke nan. PKM2 na can ƙarshe, shi ke samar da fairubet. Daga nan hanya ta rabu: ko LDHA ya mayar da fairubet laktet a zubar waje, ko PDH ya karɓe shi a cikin mitokondiriya a ƙone.

Yanzu zana rassan gefe, don a nan maganar take. Daga gulukos-6-fosfet akwai reshen fentos, wanda G6PD ke tsaron bakinsa, yana samar da ribos na ginin DNA da RNA, da kuma NADPH na ƙera kitse da kare ƙwaya daga gubar oksijin. Daga furuktos-6-fosfet akwai reshen heksosamin mai samar da UDP-GlcNAc. Daga 3-fosfogilisaret ana ƙera serin da gilaisin.

Wanda ya taɓa ganin ban ruwa a lambu zai gane abin nan take. Ruwa na bin babbar magudana daga bakin inji zuwa ƙarshen gona. In manomi na son ya shiga fangali, sai ya ɗebi laka da fartanya ya datse magudanar daga gaba, ruwan ya taru ya kwarara gefe. Ƙwayar kansa tana ƙara wa inji wuta daga sama, wato GLUT1 da HK2, sannan ta sa datsiya a wasu wuraren daga ƙasa. Riƙe wannan hoto, domin ɗalibai da yawa suna shiga binciken da zaton duk liƙin da ke taimakon kansa dole ya ƙara wa inzayim ƙarfi.

Mataki na biyu: san liƙe-liƙen, da abin da aka riga aka gani a ƙwayar huhu

Liƙin fosfet shi ne babba. Inzayim mai suna kaines ke ɗora shi a kan amino asid, wato tubalan furotin, irin su serin, tireyonin ko tairosin, fosfatez kuma ya cire. Edmond Fischer da Edwin Krebs sun gano yadda yake kunna inzayim a shekarun 1950 a Siyatil ta Amurka, kuma a kan inzayim ɗin sukari suka gano shi, mai fasa gilaikojin. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1992. A kansar huhu, EGFR, furotin mai ba ƙwaya umarnin girma, in ya yi lahani kaines ne da ya maƙale a kunne. KRAS mai lahani kuma yana tayar da jerin kaines a ƙarƙashinsa ba hutu.

Akwai liƙin asetil a kan laisin. Akwai O-GlcNAc, ɗan sukari guda da ake ɗorawa a kan serin ko tireyonin, wanda ɗakin binciken Gerald Hart ya bayyana a 1984. OGT ke ɗorawa, OGA ke cirewa, kuma daga reshen heksosamin ɗin nan kayansa ke fitowa, wato sukarin da kansa ke komowa ya yi wa inzayim ɗinsa umarni. Akwai yubikwitin, wanda yawanci takardar sallama ce zuwa wurin niƙe furotin. Misalinsa mafi shahara HIF-1α, furotin da ƙwaya ke gane ƙarancin oksijin da shi: in akwai oksijin, ana sa masa haidiroksil a furolin na 402 da na 564, VHL ya gane shi ya rataya masa yubikwitin a niƙe shi. In oksijin ya yi ƙaranci a tsakiyar ƙari, sai ya tsira ya kunna ƙwayoyin gadon GLUT1, LDHA da PDK1 mai hana PDH aiki. Wannan ne aikin da ya ba William Kaelin, Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019. A shekarar ce kuma ɗakin Yingming Zhao a Jami'ar Shikago ya nuna cewa laktet ɗin kansa yana zama liƙi a kan laisin na histon, furotin da DNA ke naɗe a jikinsa.

Ga ayyukan da nake son kowane ɗalibi ya karanta da biro a hannu, don duk a ƙwayar huhu aka yi su. A 2009, ɗakin Jing Chen a Jami'ar Emory ya nuna cewa wani kaines mai suna FGFR1 na sa fosfet a tairosin na 105 na PKM2. PKM2 yana cika ƙarfinsa ne idan guda huɗu suka haɗu, kuma furuktos-1,6-bisfosfet ke ɗaure su. Fosfet ɗin nan sai ya kwance wannan ɗauri, inzayim ya yi sanyi. A 2011, ɗakin Lewis Cantley a Harvard ya nuna cewa idan gubar oksijin ta yi yawa, sistein na 358 na PKM2 yana sauyawa, inzayim ya lafa, sukari ya karkata reshen fentos, NADPH ya samu, ƙwaya ta tsira. A 2012, ɗakin Linda Hsieh-Wilson a Caltech ya gano O-GlcNAc a serin na 529 na PFK1, daidai wurin da furuktos-2,6-bisfosfet mai zaburar da shi ke zama. Ƙarancin oksijin ke ƙara liƙin, liƙin kuma ya rage wa PFK1 ƙarfi.

Dubi ukun nan da kyau: dukkansu datsiya ne. A ɗaya gefen kuma akwai masu buɗewa. Fosfet a tairosin na 10 na LDHA yana ƙara masa ƙarfi, an nuna haka a 2011. O-GlcNAc a serin na 84 na G6PD yana zaburar da shi, an nuna a 2015. Liƙi iri ɗaya ke nan, O-GlcNAc, ya rufe babbar magudana a PFK1, ya buɗe bakin fangali a G6PD. A ganina babu misalin da ya kai wannan bayyana yadda abin ke aiki.

Mataki na uku: zaɓi ƙwayar da ta dace da tambayarka

Kimanin kashi 85 cikin 100 na kansar huhu irin wadda ake kira NSCLC ce, wato wadda ba ta ƙananan ƙwayoyi ba, amma ita ma gida-gida ce. Ƙwayar reno mai suna A549, da aka samo a 1972 daga wani mai shekara 58, tana da lahani a KRAS, da STK11, da KEAP1. Ma'anar haka a aikace: ba ta da LKB1, furotin da ake ƙerawa daga STK11, mai tayar da kaines ɗin AMPK lokacin yunwa, don haka ba ita za ka ɗauka ba in tambayarka a kan AMPK take. NRF2 mai kunna kariyar ƙwaya kuma ya kuɓuce wa KEAP1 mai sa a niƙe shi, reshen fentos a buɗe yake tun kafin ka taɓa komai. H1299 ba ta da p53, furotin mai taka wa kansa birki. PC9 da HCC827 suna da gutsurewa a ekson na 19 na EGFR. H1975 na ɗauke da L858R tare da T790M mai jure tsoffin magunguna. H520 daga nau'in sukwamas take, nau'in da aka san shi da yawan GLUT1 fiye da adenokasinoma.

Yi aiki da biyu aƙalla, masu lahani daban-daban, ka haɗa da BEAS-2B ta fatar bututun huhu don kwatance. Kafin komai ka gwada maikofilasma. Wannan ƙwayar cuta ba ta gurɓata ruwan reno yadda ido zai gani, amma tana cin abinci tare da ƙwayoyinka, ta ɓata maka kowane awo.

Mataki na huɗu: auna abin da ya shiga da abin da ya fita

Wannan bai buƙatar na'urar miliyoyi. Shuka ƙwayoyi daidai-wa-daida a faranti mai rijiya shida. Washegari ka sauya musu sabon ruwan reno marar fenol red, don kada launinsa ya shiga awonka. Bar rijiya ɗaya da ruwa zalla ba ƙwaya. Ɗebi kaɗan a farko, da bayan awa 12, da bayan awa 24. Gulukos za ka iya auna shi da kit ɗin gulukos oksidez da lab ɗin asibiti ke amfani da shi, sai dai ka sirka samfurin ya shiga iyakar da kit ɗin ke iya karantawa. Laktet kuwa, da LDH da NAD+ ake aunawa, a karanta NADH a nanomita 340. Ƙirga ƙwayoyin a farko da ƙarshe, ka raba sakamakon da adadinsu. Rijiyar da ƙwayoyinta suka ninka dole ta fi shan sukari, wannan kuwa bai nuna komai game da liƙi ba.

Raba laktet da gulukos. Gulukos ɗaya ba ya ba da laktet fiye da biyu. In lissafinka ya haura biyu, ko ka yi kuskure, ko laktet na fitowa daga wani abinci kamar gulutamin. Inda akwai na'urar Seahorse, tana auna tsami da shan oksijin lokaci guda, ana zuba gulukos, sai oligomaisin, sai 2-DG. Gulukos mai alamar kabon-13 shi ke nuna reshen da sukari ya bi a zahiri, kuma in da hali ka aika samfur a yi maka, ya cancanci kuɗinsa.

Abu ɗaya da ke damuna a rubuce-rubuce da yawa: ruwan DMEM mai yawan sukari na ɗauke da milimola 25, RPMI na da 11, jinin mai azumi kuwa wajen 5. Iskar ɗaki na da oksijin kashi 21 cikin 100, tsakiyar ƙari bai kusa da haka ba. O-GlcNAc musamman yana bin yawan sukarin da ka zuba. Maimaita babban gwajinka a milimola 5, sannan a oksijin kashi 1 in kana da akwatin yin haka.

Mataki na biyar: kama liƙin kafin ya zube

A nan ake asarar watanni. Da zarar ka fasa ƙwaya, masu cire liƙi sun samu sake, cikin mintuna su share abin da kake nema. Don haka komai a kan ƙanƙara ake yi: faranti, ruwan wanki, bututu, duka. Ruwan fashin kuma sai an sa masa masu hanawa daidai da liƙin da ake farauta. Fosfet na tairosin, sodiyam otobanadet. Na serin da tireyonin, sodiyam fulorayid. Asetil, TSA tare da nikotinamayid, don gida biyu ne masu cire shi. O-GlcNAc, Thiamet-G. Yubikwitin da ɗan'uwansa SUMO, NEM, sannan a ba ƙwayoyin MG132 na 'yan sa'o'i kafin fashi in ana son furotin mai takardar sallama ya taru. HIF-1α kuwa yana narkewa cikin 'yan mintuna da fitowa iska, sai ka fasa ƙwayoyin nan take.

Na taɓa shafe mako uku ina neman fosfet a kan wani inzayim, takardar bulot, wadda ake kwafe furotin a kanta a neme shi da antibodi, na fitowa da duhu kamar an shafa mata gawayi, layin da nake nema ko alamarsa babu. Madarar gari ce nake toshe takardar da ita kamar yadda aka saba. Kesin da ke cikin madara shi kansa cike yake da fosfet, yana jan antibodin. Ranar da na koma BSA, furotin na jinin saniya, layin ya fito siriri, tsaf, a inda ya kamata. Har yau in na ga ɗalibi ya nufi gwangwanin madara da antibodin fosfet a hannu, sai na tsayar da shi.

Tsarin shi ne: jawo furotin ɗinka da antibodinsa, ka gudanar da shi a jel, ka duba da antibodin liƙi, irin su 4G10 na fosfotairosin ko RL2 na O-GlcNAc. Sannan ka juya: jawo da antibodin liƙi, ka duba da na furotin. Kullum ka nuna jimillar furotin a ƙasan liƙin, don a san ko liƙin ne ya ƙaru ko furotin ɗin ne ya yi yawa. Ka kuma raba samfur biyu, ka zuba wa ɗaya fosfatez da gangan; in layin bai ɓace ba, antibodinka wani abu yake kamawa.

A wuraren da ake yawan ɗauke wuta, kada ka dogara da firiza. Samfurin da ya narke ya sake daskarewa ya yi asarar liƙinsa. Zuba masa ruwan SDS ka tafasa minti biyar a digiri 95 tun ranar, sannan ka ajiye. GLUT1 ne kaɗai zan ce ka ware masa nasa kason ba tafasawa, don furotin na fatar ƙwaya yakan dunƙule da zafi ya ƙi shiga jel.

Mataki na shida: gano ainihin wurin

Na'urar awon nauyin sinadari, mas sifek, ita ke faɗin lambar amino asid ɗin. Kowane liƙi da nauyin da yake ƙarawa: fosfet dalton 80, asetil 42, laktil 72, O-GlcNAc 203, guntun yubikwitin bayan yankan tirifsin 114. Metil uku ma 42 ne, bambancinsu da asetil a bayan ɗigo yake, sai na'ura mai kaifin awo. O-GlcNAc yana faɗuwa a hanyar fashi ta yau da kullum, don haka ka gaya wa masu na'urar su yi da ETD. Kafin ka kashe ko sisi, duba PhosphoSitePlus da UniProt, kyauta ne. Wataƙila an riga an ga wurin.

Mataki na bakwai: ɓata wurin, ka maye gurbi

Duk abin da ya gabata shaida ce cewa liƙin yana nan. Cewa shi ke tuƙa motar, sai wannan mataki. Ƙwayar kansa cike take da dubban liƙe-liƙe, mafi yawansu 'yan rakiya ne.

Sauya amino asid ɗin da wanda ya yi kama da shi amma ba ya karɓar liƙi. Tairosin ya koma fenilalanin, shi ne Y105F. Serin ya koma alanin, S529A. Laisin ya koma arjinin. Sistein ya koma serin, C358S. Akwai kuma masu kwaikwayon liƙi: asfatet ko gulutamet a madadin serin mai fosfet, gulutamin a madadin laisin mai asetil. Ka yi hattara da su, kwaikwayo ne kawai, kuma tairosin mai fosfet ba shi da makwaikwayi na kirki. Ka tuna kuma cewa S zuwa A yana hana fosfet da O-GlcNAc gaba ɗaya, sai ka kawo wata hujja da ta nuna wanne ne.

Kuskuren da na fi gani shi ne a cusa sabon furotin a kan na asali. PKM2 da LDHA a huɗu-huɗu suke aiki, sabo da tsoho sai su cakuɗe, sakamako ya dagule. Fara kawar da na asali da shRNA mai hana ƙera furotin ko CRISPR mai yanke ƙwayar gado. Sannan ka mayar da iri biyu a ƙwayoyi daban: lafiyayye a ɗaya, mai ɓataccen wuri a ɗaya, kowanne an sauya masa 'yan haruffan da shRNA ke ganewa ba tare da an taɓa amino asid ba. Yawansu ya yi daidai da juna, ya kuma yi kusa da na asali. Ka nuna wannan a bulot kowa ya gani.

Yanzu koma mataki na huɗu ka sake awo. Auna ƙarfin inzayim ɗin shi kansa: na PKM2 ana haɗa shi da LDH, a bi raguwar NADH a nanomita 340. Auna NADPH da gulutatayon. Sannan ka taɓa mai ɗora liƙin, ka hana kaines ɗin ko OGT. In labarinka gaskiya ne, maganin zai sauya ƙwayar da ke da lafiyayyen furotin, ya bar mai ɓataccen wuri kusan yadda take. In ya sauya su duka daidai, to ta wata hanya yake aiki. Haka aka yi a ayyukan da na ambata: ƙwayoyin H1299 masu Y105F sun rage fitar da laktet, sun ƙara shan oksijin, girmansu ya ragu a ƙarancin iska.

Mataki na takwas: girma

Kada ka auna girma da rinin MTT a irin wannan aiki. Launin shuɗin da yake bayarwa ya dogara da NADH da NADPH, su ne kuwa abin da ka je ka taɓa. Ƙirga ƙwayoyi da tiraifan bulu kullum har kwana huɗu ko biyar, ko ka rina su da kiristal bayolet. Shuka a aga mai laushi ka jira mako biyu zuwa uku ka ƙirga curin da suka fito.

Mataki na tara: daga kwalba zuwa jiki

Bayan izinin kwamitin ɗa'a, ana dasa ƙwayoyin a ƙarƙashin fatar ɓeraye marasa garkuwar jiki, lafiyayye a kwiɓi ɗaya, mai ɓataccen wuri a ɗayan, a riƙa auna tsawo da faɗi. Y105F, C358S da S529A duk sun ba da ƙari mafi ƙanƙanta ta wannan hanya.

Amma fatar ɓera ba huhun mutum ba ce, kuma jiki ya sha ƙaryata kwalba. A 2013, ɗakin Matthew Vander Heiden a MIT ya cire PKM2 daga ɓeraye masu kansar mama, ƙarin ya fito ma da sauri. A 2016, ɗakin Ralph DeBerardinis a Dallas ya ɗura wa masu kansar huhu gulukos mai kabon-13 lokacin tiyata, aka tarar ƙarin yana yin laktet, yana kuma ƙona sukari a mitokondiriya fiye da lafiyayyen huhun da ke gefensa, sannan ɓangarorin ƙari ɗaya ma sun bambanta. A 2017 suka nuna cewa ƙarin yana shan laktet daga jini ya yi makamashi da shi. Abin da Warburg ya ɗauka shara ashe abinci ne. Duk wanda zai rubuta cewa liƙi kaza ya kashe mitokondiriya a kansar huhu, ya fara karanta waɗannan.

Ɗalibin da ba shi da inkubeta ma yana da abin yi a nan. Shirin CPTAC na Amurka ya fitar da bayanan furotin, fosfet da asetil na ƙari 110 na adenokasinomar huhu a 2020, tare da naman gefensu, kuma a buɗe suke ga kowa. DepMap na nuna ƙwayoyin da ba sa rayuwa in an cire musu wani inzayim. Da kwamfuta da data za ka iya tambaya ko liƙinka ya fi yawa a ƙari, ko yana tafiya da lahanin EGFR ko KRAS. In ka samu naman majinyata da izininsu, rubuta mintunan da suka wuce tsakanin yankewa da daskarewa, don fosfet na sauyawa da zarar jini ya yanke.

In an tambaye ka a gida

Ranar da 'yan'uwa suka ji abin da kake karantawa, tambayar za ta zo. Ni wata ɗaliba ce ta tsaya bayan darasi, murya ƙasa-ƙasa: "Malam, Baba ne aka ce yana da ita. In muka hana shi sukari da tuwo, ƙarin zai mutu da yunwa?" Na ce mata, "A'a, 'yata, ku ba shi abinci ya ci." Hanta tana riƙe sukarin jini ko mutum bai ci komai ba, tana ƙera shi daga laktet da amino asid na tsokar jiki. Ƙarin zai samu rabonsa, majinyacin ne zai rame, ramewa kuwa na cikin abubuwan da ke kayar da masu wannan cuta, ta kuma hana su jure magani. Mai ciwon sukari kaɗai ke da lissafi na daban, shi ma da likitansa zai yi.

Magungunan da suka tabbata sun fi kama masu ba da umarnin daga sama: osimatinib ga mai lahanin EGFR, alektinib ga mai ALK, sotorasib da aka amince da shi a Amurka a 2021 ga mai KRAS G12C. Shi ya sa gwajin ƙwayar gado a naman ƙari yake da muhimmanci kafin zaɓen magani. Su 2-DG da DCA da ake tallatawa a intanet ba a amince da su a matsayin maganin kansa ba, DCA ma yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa.

Inda ƙishirwar sukarin nan ta riga ta shiga asibiti shi ne hoton PET, da ake yi da FDG, gulukos mai alamar fulorin-18: GLUT1 ya shigo da shi, heksokaines ya liƙa masa fosfet, ya maƙale ya haska. Sai dai ƙwayoyin garkuwar jiki da ke yaƙi da tarin fuka su ma masu shan sukari ne, su ma suna haskawa. A ƙasashenmu da tibi ya yi yawa, hasken bai isa hujja ba ta kowane ɓangare. Wanda ya yi watanni yana shan maganin tibi, ba a taɓa ganin ƙwayar cutar a majinarsa ba, tari bai lafa ba, yana ta ramewa ko yana tofar da jini, a mayar da shi asibiti a nemi hoton CT na ƙirji, a kuma ɗebi naman wurin a duba.